Laccar Katsina: Makaɗa da Soja, daga Bama zuwa Yaƙin Basasa

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? Madalla. Abu uku zan faɗa, in Allah ya yarda.

Na farko, ba Bature ya koya mana yi wa mayaƙa waƙa ba. Tun zamanin dawaki da sulke sarki ba ya fita yaƙi sai da tambari da maroƙa masu zuga. Wannan kun sani, mu wuce.

Na biyu, Yaƙin Hitila. A 1944 wata mawaƙiyar Ingila, Vera Lynn, ta bi sojojinsu har dajin ƙasar Bama, can nahiyar Asiya, tana yi musu waƙa. Sai 2020 ta rasu, tana da shekara 103. To, a dajin nan akwai namu. Sarkin Katsina Usman Nagogo ya je can ya gaishe su, amma waƙa kam su suka yi wa kansu. Wani kawuna da ya dawo daga can, in yana noma sai ka ji yana rera waƙar fareti, yana sara fartanya daidai da taku. Mu yara muna ta dariya, wai Bama ta taɓa shi. Allah ya gafarta mana.

Amma ni abin da na gani da idona shi ne yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970. Rediyo ɗaya ce tak a unguwarmu, ta wani tela. Batir in ya yi sanyi sai a shanya shi a rana. E, a rana! Ku masu caji ku yi ta dariya. Da gidan rediyon Kaduna ya sako kalangun Mamman Shata, ko kuntigin Ɗanmaraya Jos, ana yi wa soja waƙa, sai tela ya ɗauke ƙafa daga keke. Ɗinkin kowa ya jira. Akwai wata tsohuwa mai ƙosai, ɗanta yana bakin daga. Ba ta zama cikin maza, sai ta raɓe a bakin zaure. Ba labarai take jira ba, labarai tsoro suke ba ta. Waƙar take jira, don ta tabbata shi ma yana can yana jin ta. Ta tabbata, na ce. Wa ya gaya mata? Ba kowa. Ƙosai ya sha ƙonewa a kasko saboda Shata, mu kuma mu samu na banza.

Ina muka tsaya? Na huɗu ko?

(Wani ɗalibi: Baba, na ukun ba a faɗa ba. Kuma a ina aka rufe Shata?)

Ɗana, ka taɓo mini gyambo. Haifaffen Musawa ne, namu ne. Ya rasu a 1999, aka kai shi Daura aka rufe. Akwai Daurawa a ɗakin nan? Ga su can suna murmushi. Na ukun sai mun dawo daga salla, in na tuna shi.