Sunan Shafi Ba Fili Ba Ne, Rago Ne Mai Cin Dusa

[Allo: saƙonnin da ake ta turawa a waya, ɗaya bayan ɗaya]

Kun ga irin wannan saƙon, ko? Wai ka yi rajistar suna a intanet da dala goma, ka kwanta ka yi barci, wata rana a zo a saya a hannunka da miliyoyi. Kuma masu turawa ba su rasa hujja ba. A 2019 kamfanin MicroStrategy ya sayar da voice.com ga Block.one a kan dala miliyan 30. A 2010 Facebook ya biya ƙungiyar manoman Amurka dala miliyan 8 da rabi a kan haruffa biyu kacal, fb.com. An sayi chat.com a 2023 a kan dala miliyan 15 da rabi, daga baya ya koma hannun OpenAI. Duk wannan ya faru. Matsalar tana cikin kalma ɗaya da suke yawan maimaitawa, wai sunan shafi "fili" ne a intanet. Ku riƙe wannan kalmar, za mu dawo kanta.

[Hoto: adireshi a saman burauza, ya rabu gida biyu]

Da sauri, ga wanda bai sani ba. Domen shi ne sunan da kake rubutawa a nan sama. Kashi biyu ne: sunan, sai wutsiyar da ke bayan ɗigo. Kowace wutsiya da mai riƙe da kundinta. Na .com yana hannun Verisign, na .ng yana hannun NiRA, kuma ICANN ce ke shimfiɗa dokokin wutsiyoyi irin su .com tun 1998. Kai ba ka zuwa wurinsu kai tsaye, sai ta hannun dillalan rajista irin su Namecheap da GoDaddy. Sunan .com na farko, symbolics.com, an yi rajistarsa ranar 15 ga Maris, 1985. Wato kasuwar nan ta girmi yawancin masu kallon wannan bidiyo, kuma manyan kalmomin Turanci an kwashe su tun wasunmu ba su daina rarrafe ba.

Shi ya sa aka koma ƙirƙira. Ko dai ka haɗa kalmar da ba ta cikin ƙamus, kamar yadda aka samo Google daga sunan wata lamba, ko ka manna kalmomi biyu irin Paystack, ko ka sa wutsiyar ta ƙarasa maka kalmar. Instagram ya fara da instagr.am, wutsiyar ƙasar Armeniya ke nan. Mu ma Hausa tana da nata: .ne ta Nijar ce, to ku dubi "nawa.ne". .mu ta Morishus ce, ga "gidan.mu". Akwai daɗi a ido, ba ƙarya.

Me ke sa irin wannan suna ya yi daraja? Gajarta. Sauƙin furtawa. Sannan gwajin rediyo: a faɗe shi sau ɗaya a rediyo, mai sauraro ya rubuta daidai ba tare da ya tambaya ba. Lamba a tsakiya, ko karan ɗori (-) tsakanin kalmomi, duk suna karya farashi. Haruffanmu masu lanƙwasa kuma, ƙ da ɗ da ɓ, yawancin mutane ba za su neme su a madannin waya ba, su dai su buga k da d da b su wuce. Idan sunanka ya dogara da ƙugiya, wanda ya riƙe marar ƙugiya shi zai kwashe baƙinka.

Shi ke nan, wannan kowa ya gane. Yanzu ga inda ake faɗawa rami.

[Allo ya yi fari. Kalma ɗaya: SABUNTAWA]

Ba a sayen domen. Haya ake yi. Ka biya shekara ɗaya, ko biyu, iyakarta goma a lokaci guda, kuma ranar da ka daina biya, ya bar hannunka. Ko voice.com ɗin nan na dala miliyan 30, mai shi yana biyan kuɗin sabuntawa kamar kowa.

Fili idan ka saya a bayan gari, ka kafa turaku, ko shekara ashirin ka yi ba ka leƙa ba, ba zai ce ka kawo masa abinci ba. Domen rago ne. Kullum yana ci. Bambancinsa da ragon layya ma shi ne, mai kiwo ya san ranar Sallah, ya san kasuwa za ta buɗe. Shi wannan ragon ba shi da ranar Sallah. Mai saye zai iya zuwa wata mai zuwa, zai iya zuwa bayan shekara takwas, zai iya ƙin zuwa har abada.

Bari mu zauna mu yi lissafi, a hankali, don a nan kuɗin mutane ke narkewa.

[Lissafi yana fitowa layi-layi]

A Satumbar 2024 Verisign ya mayar da kuɗin da yake karɓa a kan kowane .com dala 10 da santi 26 a shekara. Dillali ya ɗora nasa. Mu ce kana biyan dala 12 a shekara, don lissafi ya yi sauƙi, ko da yake wasu dillalan sun fi haka nesa. Ka yi zumuɗi ka tara sunaye 100. Dusar shekara ke nan dala 1,200.

Nawa za ka sayar a shekara? Ma'aunin da tsofaffin 'yan kasuwar ke aiki da shi, suna ɗaya zuwa biyu cikin ɗari. A shekara fa, ba a wata ba. Kuma wannan ga wanda sunayensa ke da kyau ne, ya sa musu farashi daidai, ya baje su inda masu saye ke dubawa.

To mu ce Allah ya kawo mai saye ɗaya, ya biya dala 2,000. Kasuwar da ta haɗa ku, Afternic ce ko Sedo, za ta cire la'adarta. Tana sauka tana hawa gwargwadon tsarin da ka zaɓa, mu ɗauki kashi 20 cikin ɗari. Saura 1,600. Cire dusa 1,200. Ribarka ta shekara guda dala 400. Idan biyu suka fita, ka tashi da 2,000, ka yi murmushi. Idan babu wanda ya fita, wanda hakan na faruwa sosai, ka yi asarar 1,200, kuma ga wata shekarar tana ƙwanƙwasa ƙofa.

Yanzu ku juya lissafin, domin wannan ne abin da nake so ya zauna muku. Ɗauki suna ɗaya tak. Yana cin dala 12 a shekara, damar fitarsa ɗaya cikin ɗari. Kafin ya biya kansa da na 'yan uwansa 99 da ke zaune, sai ya kawo maka dala 1,200 tsaba, wato farashin 1,500 kafin la'ada. Saboda haka duk lokacin da saƙon sabuntawa ya shigo, tambayar ba "sunan nan yana burge ni?" ba ce. Tambayar ita ce: akwai kamfanin da zai ciro dala 1,500 ya ba ni saboda shi? Ka iya lissafo irin kamfanonin da yatsunka? In ka yi shiru kana sosa ƙeya, sake shi ya tafi.

Maimaita da .ai, wadda ake rububi a kanta yanzu. Tana cin dala 70 zuwa sama a shekara, kuma a tashin farko sai ka biya na shekara biyu. Mu ce 80. Sunaye 100, dala 8,000 duk shekara. Farashin da zai fitar da kai ya koma dala 10,000 a kan suna ɗaya. Wanda ba ya asara a wannan harkar shi ne tsibirin Angila, wani ɗan yankin Birtaniya a Karebiyan da mutanensa ba su kai 20,000 ba. Shi ke da wutsiyar, kuma a 2023 ta kawo masa kusan dala miliyan 32. Su dai dusa suke sayarwa, ko ragonka ya fita ko bai fita ba.

Akwai kuma tarkon garaɓasa. Za ka ga sabuwar wutsiya a dala 1 ko 2, ka kwashi hamsin. Wannan farashin shekarar farko ne. Shekara ta biyu sai ka ga 15, ko 30, ko fiye. Tun zagayen 2012 ICANN ta buɗe ƙofa aka samu sababbin wutsiyoyi sama da 1,200, kuma da yawansu suna ware sunaye masu kyau su sa musu kuɗin sabuntawa na musamman, mai tsada, kowace shekara. Kafin ka danna biya, nemi layin da aka rubuta farashin sabuntawa. Yawanci da ƙananan haruffa yake, kamar mai jin kunya.

Ga wanda ke samun kuɗinsa da naira, akwai ƙarin nauyi. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, a 2024 ta haura 1,400. Ragon bai ƙara ƙiba ba, dusarsa ta ninka uku. Sunayen .ng da .com.ng ana biyansu da naira a wurin dillalan gida, wannan sauƙi ne, amma masu sayen suna a hannu na biyu da tsada ba su da yawa a wannan ɓangaren. A ganina "nawa.ne" ɗin nan da ya burge mu ɗazu ya fi dacewa da wanda zai gina kasuwanci a kansa, ba wanda zai ajiye yana jiran mai saye ba.

[Hoto: kalanda, ranaku suna wucewa]

Idan ka manta ba ka sabunta .com ba fa? Ba nan take yake tafiya ba. Dillali na iya ba ka rangwamen kwanaki, iyakarsu 45, wasu ba sa kaiwa haka, wasu ma tun a wannan tsakanin suke sa sunan a gwanjo. Daga nan sai kwana 30 na fansa, inda za ka biya tara mai zafi, sau da yawa dala 80 ko fiye. Sai kwana 5 da ba mai iya taɓa shi. Yana faɗowa, akwai na'urorin kamfanoni da ke jira su cafke cikin ƙiftawar ido. Abin da ya fi jawo wannan ba talauci ba ne: katin banki ne ya ƙare, ko saƙon tunatarwa yana shiga tsohon imel da ba a buɗewa. Manya ma na yi. Microsoft ya manta da passport.com a ƙarshen 1999, sai wani bawan Allah daga waje ya biya musu dala 35.

Sauran da gudu.

Wutsiyar ƙasa tana bin dokar ƙasarta. A 2010 hukumar .ly ta Libiya ta ƙwace vb.ly saboda abin da ke shafin ya saɓa dokokinta. Da Birtaniya ta fita daga Tarayyar Turai, sunayen .eu sama da 80,000 na mazauna can aka dakatar a Janairun 2021. Ita kuwa .io wutsiyar yankin tsibiran Chagos ce, waɗanda a 2024 Birtaniya ta amince za ta miƙa wa Morishus, shi ya sa masu riƙe da ita suke ta baza kunne. Ku lura kuma, Instagram ya koma .com, Dropbox da ya fara da getdropbox.com ya koma dropbox.com, Facebook ya biya dala 200,000 a 2005 don ya yar da "the" daga sunansa. Kamfani idan ya yi ƙarfi, gajeren sunansa na .com yake nufa.

Sunan kamfanin wani, ko mai kama da shi da sauyin harafi ɗaya, kada ka kusance shi. Tun 1999 akwai tsarin UDRP, hanyar da mai tambari ke bi a ƙwace irin wannan suna daga hannunka ba tare da zuwa kotu ba. Mai tambari zai kai ƙara, galibi a WIPO, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta duniya da ke Janeba, ya biya dala 1,500, ya nuna abu uku: sunan ya yi kama da tambarinsa, ba ka da wata halattacciyar alaƙa da shi, kuma da mugun nufi ka yi rajista kake amfani da shi. Aika masa saƙon "zo ka saya" ma hujja ce a kanka. A Amurka kotu na iya cin tararka har dala 100,000 a kan suna ɗaya.

Farashi kuma iri biyu ne. Wanda ɗan kasuwa zai ba ɗan kasuwa, da wanda kamfani mai buƙata zai biya. Ranar da ka matsu kana neman kuɗi yau-yau, na farkon za ka samu, kuma ɗan ƙaramin kaso ne na na biyun. Injin ƙiyasi da ke ce maka sunanka ya kai dala 3,000, lamba ce kawai, ba ya saye. Ka buɗe NameBio ka ga abin da aka biya a zahiri kan sunaye masu kama da naka.

[Allo: saƙon imel, an ja layi ƙarƙashin jimla ɗaya]

Wannan kuma, in ya shigo, goge shi. Wai mai saƙon ya ga sunan shafinka, zai biya dala dubu goma sha biyar, amma sai ka fara kawo takardar ƙiyasi daga wani shafi da shi zai nuna maka. Shafin nasa ne. Kana biyan kuɗin takardar, ya ɓace. Mai saye na gaskiya kuɗinsa zai ajiye a hannun amintaccen ɗan tsakiya irin Escrow.com, su tabbatar maka kuɗi ya shiga, sannan ka cire makullin sunan ka ba shi lambar sirrin canja dillali. Ba kafin nan ba. Kuma sabon .com ba ya canja dillali sai ya cika kwana 60 da rajista, don haka idan cinikin ya zo da wuri, sai dai ka tura masa sunan zuwa asusunsa a wurin dillalin da kake.