Zagayen Tsaunukan Rwenzori: Kwana Bakwai Cikin Ruwa da Laka

Assalamu alaikum masu kallo. Wannan farin abin da kuke gani a kan dutse ƙanƙara ce, kuma a Afirka take, ba ta kai kilomita 50 daga layin da ya raba duniya biyu ba. Nan su ne tsaunukan Rwenzori, a kan iyakar Yuganda da Kwango. Ƙololuwarsu, Margherita, tana da tsayin mita 5,109, in ka cire Kilimanjaro da Dutsen Kenya babu wanda ya fi ta a nahiyar nan. Amma yau ba hawa ƙololuwa ya kawo mu ba. Akwai wata hanya da ta kewaye tsakiyar tsaunukan, ka shiga ta wani kwari ka fito ta wani, tafiyar kwana shida zuwa bakwai a ƙafa. Ita za mu bi.

Wanda bai san wurin ba zai ɗauka tsayi ne babban abin tsoro. Tsayin yana nan, amma ruwa ne ke mulkin dutsen nan. Shi ya ƙawata shi, shi kuma ke gasa wa matafiyi aya a hannu.

Ana farawa daga ƙauyen Nyakalengija, a yankin Kasese na Yuganda, kimanin mita 1,600 sama da teku. Za a ratsa gonakin ayaba na Bakonzo, mutanen da suke zaune a gindin tsaunukan tun kaka da kakanni, sannan a shiga kurmi ana jin rurin Kogin Mubuku a gefe. In ɗan jagora mai ido ne, zai tsayar da ku ya nuna muku hawainiya mai ƙaho uku a kan reshe. A ranar farkon nan kaɗai ana hawa kusan mita 1,000 kafin a kai bukkar Nyabitaba.

Kashegari sai a gangara zuwa gadar Kurt Shafer, inda Kogin Bujuku ya haɗu da Mubuku. A nan zagayen yake buɗewa: za a haura ta kwarin Bujuku, bayan kwanaki a dawo ta kwarin Mubuku. Daga gadar sai dajin gora, sai manyan duwatsu masu santsi, sai wani daji da gansakuka ta lulluɓe kowane reshe nasa, tana ɗigar ruwa ko ba a ruwan sama. Kwana na biyu a bukkar John Matte ake yin sa.

To, ga inda nake so mu ɗan daɗe, dausayin Bigo. Ku dubi ƙafafun mutanen nan da kyau. Ba takalmin hawan dutse mai tsada suka sa ba, takalmin roba ne mai dogon wuya, irin wanda manoman shinkafa ke shiga fadama da shi. Dalili kuwa, ƙasar nan ba ƙasa ba ce, ruɓaɓɓiyar ciyawa ce da ta sha ruwa shekara da shekaru. Sanyi ba ya barin ta ruɓe sosai, sai ta yi ta taruwa tana riƙe ruwa. A samanta akwai dunƙule-dunƙulen ciyawa masu tauri, su ake takawa, daga wannan a tsallaka zuwa wancan. Ka kuskure ɗaya, laka ta kama ka har gwiwa, wani lokaci har cinya, sai ka riƙe wuyan takalmin da hannu biyu ka ciro shi, in ba haka ba ƙafar ce za ta fito ta bar shi a ciki. An shimfiɗa katako a wani ɓangare na dausayin, ya rage wahala ƙwarai, amma bai kai ko'ina ba.

Duk wannan laka, 'yan dakon Bakonzo suna ratsa ta da buhu a baya, igiyarsa rataye a goshi, su riga baƙo isa bukka su hura wuta. Ni dai a ganina duk wanda ya dawo yana ba da labarin bajintarsa a Rwenzori bai ambaci mutanen nan ba, bai yi adalci ba. Ku tabbatar suna da rigar sanyi da abin rufa kafin a tashi, kuma a sallame su da kyau.

Bayan dausayin sai Tafkin Bujuku, a tsayin kusan mita 4,000. Ruwansa baƙi ne wuluk, ga sanyi, tsaunuka uku sun sa shi a tsakiya: Stanley, Speke da Baker. A gefensa tsirrai ne da sai a manyan tsaunukan gabashin Afirka ake ganin irinsu. Wasu sun ninka mutum tsayi, ganyensu a dunƙule can saman kara, busassun tsofaffin ganyen kuma ba sa zuba, suna manne a jikin karan suna kare shi daga sanyin dare. Hazo yakan rufe komai cikin 'yan mintuna, ya yaye, ya sake rufewa.

Daga nan numfashi ke fara nauyi. Ciwon kai, tashin zuciya, rashin barci, alamu ne na ƙarancin iskar shaƙa, kuma ba ruwansu da ƙarfin mutum ko ƙuruciyarsa. In abin ya kai ga tari mai kumfa, ko mutum ya fara tangaɗi yana magana ba kan gado, maganin ɗaya ne, a sauko da shi nan take, ko da tsakar dare ne.

Wuri mafi tsayi a zagayen shi ne mashigin Scott Elliot, mita 4,372. Ana haye shi sai a gangara zuwa tagwayen tafkunan Kitandara, a ƙarƙashin katangun dutse masu tsayi. Ƙanƙara ce ta haƙa kwarurukan nan dubban shekaru da suka wuce, da ta janye ruwa ya cike ramukan. Har yanzu janyewa take yi. A 1906 Yariman Abruzzi na Italiya ya fara hawa Margherita, a cikin ayarin da ya zo da shi tsaunukan kuma akwai mai ɗaukar hoto Vittorio Sella. In aka ajiye hotunan Sella kusa da na yau, wuraren da suke fari fat a wancan lokaci yanzu baƙin dutse ne zalla. Mafi yawan ƙanƙarar ta tafi, abin da ya saura kusan duk a kan Stanley yake. Wannan abin damuwa ne matuƙa.

Washegari akwai wani hawan mai tsanani zuwa mashigin Freshfield, sama da mita 4,200. Daga nan gangara ce. Za a wuce Bujongolo, wata inuwar dutse da ayarin Abruzzi ya yada zango, sai a fara jin ƙarar matsirgar Kabamba tun kafin a gan ta. Ruwa ne ke zubowa daga saman dutse, feshinsa na jiƙa fuska, ga gansakuka kore shar ta ko'ina. Ruwan nan ba a nan zai tsaya ba. Zai bi Mubuku ya faɗa Tafkin George, ya wuce Tafkin Edward, ya bi Kogin Semliki zuwa Tafkin Albert, ya shiga Farin Nilu, har ya ratsa Khartum. Kuma in ya fusata ba ya da daɗi: a watan Mayun 2020 kogunan da ke gangarowa daga tsaunukan sun yi ambaliya, suka raba dubban mutane da gidajensu a yankin Kasese.

Kada a saki jiki don an kama hanyar gida. Ƙasa da bukkar Guy Yeoman akwai gangaren Kichuchu, inda hanya ke bin jikin dutse mai santsi, ruwa na kwarara a kansa, ga ƙafafu sun riga sun gaji. A nan ake tafiya da hannu da ƙafa, kuma shi ya sa ake tashi da sassafe, kafin ruwan yamma ya cika rafukan da za a tsallaka.

Mai niyyar zuwa ya nufi Yuni zuwa Agusta, ko Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da ruwan sama ya fi sauƙi, duk da ba ya ɗaukewa gaba ɗaya. Wurin gandun daji ne na gwamnati tun 1991, UNESCO ta sa shi cikin wuraren gado na duniya a 1994, don haka ba a shiga sai da izini da ɗan jagora. A ƙunshe kayan barci da safa a cikin leda biyu. Daga Kichuchu hanya za ta mayar da ku Nyabitaba, inda zagayen ya rufe, daga nan kuma 'yan sa'o'i ne zuwa Nyakalengija.