Adafta, Dekoreta da Furoksi: yadda za a bambance su

Assalamu alaikum 'yan uwana na Kaduna, musamman ɗaliban kwamfuta na KASU da Kadpoly, gaisuwa daga nan Jamus. Adafta, Dekoreta da Furoksi dabaru uku ne na tsara manhaja: a kowanne, kilas (wato wani sashe na manhaja) ne ya lulluɓe wani yana miƙa masa aiki. A zane kusan ba su da maraba, shi ya sa ake rikicewa. Dukansu suna cikin tsare-tsaren gini 7 da Erich Gamma da abokansa uku suka jero a littafinsu na 1994.

Ku fara da tambayar nan: intafes, wato hanyar da ake kiran kilas ɗin daga waje, ya canza? In ya canza, Adafta ne. A ce manhajar wani shago a Kasuwar Barci da naira take lissafi, Paystack kuwa, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, da kwabo yake karɓa. Adafta ne zai ninka kuɗin sau 100, ya daidaita sunayen metod, wato ayyukan da ake kira a cikin kilas. Aka manta ninkin nan, kayan naira 5,000 sai su tafi a naira 50.

In intafes bai canza ba, nan ne aikin yake: ko dai Dekoreta ne ko Furoksi. Dekoreta ƙari yake yi, kuma kai ne ke miƙa masa abin da zai lulluɓe, kana iya jera su rututu. A yaren Java, BufferedInputStream kan FileInputStream mai karanta fayil ke nan. Sai dai a kula da jeri: a matse fayil da GZIP tukuna sannan a ɓoye shi (wato a kulle shi da lambar sirri), domin bayanan da aka riga aka ɓoye ba sa matsuwa.

Shi kuwa Furoksi mai gadi ne. Shi ke yanke ko za ka kai ga na ciki, da kuma yaushe, galibi ma ba ka san da shi ba. Hibernate, kayan aikin Java mai ɗauko bayanai daga rumbun bayanai, na ba ka irinsa, ba ya ɗauko bayanai sai ka taɓa su. In zaman aikinsa da rumbun (session) ya rufe kafin nan, sai kuskuren LazyInitializationException. Fasad dai, wani daga cikin tsare-tsaren 7 ɗin, ba ya cikin rigimar, ƙofa ɗaya ce mai sauƙi gaban kilas da yawa.

Masu amfani da Spring, kayan gina manhaja a Java, ku saurara da kyau. @Transactional, alamar da ake sa wa metod don sauye-sauyensa a rumbun bayanai su tafi gaba ɗaya ko a fasa su duka, ta furoksi take aiki. Metod ya kira ɗan uwansa a cikin kilas ɗaya, kiran bai bi ta furoksi ba, alamar ba za ta yi komai ba, kuma ko gargaɗi ba za ka gani ba. Ka kwashe metod ɗin zuwa wani kilas, ka kira shi daga waje.