Ciwon karkarwa da mutuwar zuciya: abin da ke faruwa a cikin ƙwaƙwalwa

Ga wani dattijo a unguwar Hindawiyya, a Makka. Da ba ya fashin Harami, yanzu shayi ma sai ya huce a gabansa. 'Ya'yansa suna cewa tsufa ne. Bayan shekara biyu sai babban yatsansa ya fara murza ɗan'uwansa kamar mai jan carbi, alhali ba carbi a hannun. Likita ya ce Parkinson ne, wanda a asibitocin nan ake kira shalalur ru'ash.

Ku lura: mutuwar zuciyar ta riga karkarwar zuwa. Wani furotin mai suna alfa-sinukilin yana dunƙulewa a cikin ƙwayoyin jijiya, kuma sau da yawa daga ƙasan ƙwaƙwalwa yake farawa, inda ake sarrafa serotonin da noradirenalin, sinadaran da ke riƙe da walwala da barci. Daga baya yake kaiwa ga wurin da ke samar da dofamin, sinadarin da ke daidaita motsin jiki. Kafin hannu ya fara rawa, kusan rabin ƙwayoyin wurin sun riga sun mutu.

Ƙwaƙwalwa kuwa layuka ne masu haɗe da juna, kamar wayoyin lantarki. Layin da ya haɗa goshi da tsakiyarta shi ke sa mutum ya ji abu ya cancanci a tashi a yi shi. Idan dofamin ya ja baya, layin ya yi sanyi, sai ka ga mutum ba abin da ke burge shi, ko da ba baƙin ciki yake ba. Wani layin kuma, mai aiki lokacin da mutum ya yi shiru yana tunanin kansa, yakan ƙi lafawa, tunani ɗaya ya yi ta juyawa. Wajen kashi 35 zuwa 40 cikin 100 na masu wannan ciwo suna fama da abin da likitoci ke kira ikti'ab, wato ciwon damuwa. Ba raunin imani ba ne.

Abin da iyali za su yi: na mako guda, ku rubuta lokacin da Baba ya sha levodopa, maganin da ke ƙara masa dofamin, da lokacin da ransa ya ɓaci. Idan kullum dab da shan na gaba ne yake dagulewa, ƙarfin maganin ne ke ƙarewa, gyaran lokaci ake nema. A ba shi maganin minti 30 kafin abinci, don nama da madara suna rage shigarsa jiki. Kafin azumi ma a zauna da likita.

Idan kuma mantuwa ta shigo, ko yana ganin mutanen da babu su a ɗaki, a nan ake kuskure mai tsada. Haloperidol, maganin da akan bayar don irin wannan gane-ganen, yana toshe ɗan dofamin da ya rage, jiki ya sandare. Metoclopramide, maganin amai, haka yake yi. Amitriptyline kuwa, maganin ciwon damuwa, yana ƙara ruɗewa da maƙarƙashiya. Ku zuba duk kwalayen magungunansa a leda ɗaya, har da wanda aka sayo a kantin magani ba takardar likita, ku kai wa likitan jijiya ya duba su ɗaya bayan ɗaya.