Tallafin ambaliya: matakin da ake barin manomi a baya

[Hoto: gonar shinkafa a cikin ruwa, kan zangarniya kawai ake hange]

Jama'a, saƙon nan da ke yawo a WhatsApp, wai a latsa a cike fom a karɓi kuɗin ambaliya, ku goge shi. Duk wanda ya nemi lambar sirrin katinku, ɓarawo ne.

Tallafin dai akwai shi. A 2024, shekarar da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye Maiduguri, gwamnatin tarayya ta sanar da naira biliyan 3 ga kowace jiha. Ku lura, ga jiha aka ce. Abuja ba ta san gonarka ba. Hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, wato NEMA, da ta jiha, wato SEMA, da jerin sunaye suke aiki.

To, wa ke rubuta jerin?

[Hoto: jami'i da littafi a bakin gona, dagaci na nuna masa iyaka]

A nan ake yin kuskuren. Mutane na jiran ranar rabo, alhali an gama magana tun ranar tantancewa. Da ruwa ya yi ɓarna, jami'an jiha da na ƙaramar hukuma kan fito, galibi da dagaci ko mai unguwa da malamin gona. Suna, girman gona, abin da aka shuka, abin da ya salwanta. Wannan takardar ce ke haurawa sama, ita ce kuma ke dawowa da kaya. Dubi ambaliyar 2022, wadda ta kashe mutum sama da 600: sai a 2023 NEMA ta yi babban rabon farfaɗo da sana'o'i. Wanda bai shiga littafi ba tun farko, ko da asuba ya kama layi, kallo zai yi.

Saboda haka kada ka jira a zo nemanka. Je ka sanar da mai unguwa, ka tambayi ranar zuwansu, ka tsaya a gonarka da kanka. Ɗauki hoto tun ruwa bai janye ba. Rasidin taki, in akwai, adana shi. Wasu kuma kunya ke hana su faɗin asararsu. Haba Malam, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Masu noman gonar haya ko aro, ku buɗe kunne: sau da yawa sunan mai fili ake rubutawa, shi da ko irin bai saya ba. Ka tabbata naka aka sa, kuma daidai yadda yake a katin ɗan ƙasa da asusun banki. Mai injin niƙa, mai kiwon kifi, mai shagon da ruwa ya shiga, ku ma asara kuka yi, ku bayyana.

[Hoto: buhunan iri, injin ban-ruwa, keken ɗinki]

Ga abin da akan samu. Ba kullum kuɗi ba ne, kuma ba ya mayar da abin da aka rasa. Mai biyan diyya inshora ce, irin ta NAIC, hukumar inshorar noma ta ƙasa, inda gwamnati ke ɗauke rabin kuɗin inshorar wasu amfanin gona, amma sai ka shiga kafin ruwa ya zo.

A ganina, da za a riƙa liƙa jerin sunayen nan a ƙofar gidan dagaci kowa ya karanta, da 'yan siyasar da ba su taɓa riƙe fartanya ba sun daina cin rabon manoma. Kafin a kai nan, in an rubuta sunanka, ce a karanto maka shi ka ji.