Lacca: Sharuɗɗan haɗa sakatariya da caji ofis da 'yan kwana-kwana a haraba ɗaya

Assalamu alaikum warahmatullah. Shugaban taro, iyayenmu hakimai da dagatai da masu unguwanni, malamai, 'yan uwa maza da mata, barkanmu da war haka.

An nemi in yi magana kan shawarar da ake yawan kawowa, cewa idan ƙaramar hukuma za ta sake gina sakatariyarta, gara ta haɗa da caji ofis da ofishin 'yan kwana-kwana a haraba ɗaya. Ina goyon bayan shawarar, amma da sharaɗi, kuma sharuɗɗan ne suka kawo ni.

Abin ba baƙo ba ne a Kano. A zamanin En'e, wato hukumar gargajiya ta da, wanda ya je wajen Ƙofar Kudu zai tarar da fada, da kotun alƙali, da baitulmali, da 'yan doka, ga gidan yarin Kurmawa a kusa. Mutum ya fito da ƙafa ya gama sabgarsa kafin azahar. Daga baya aka mayar da 'yan doka cikin 'yan sandan tarayya, sannan gyaran 1976 ya zo da tsarin ƙananan hukumomi. Yau muna da guda 44, takwas a ƙwaryar birni da gefensa: Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo.

To, ga inda gizo ke saƙar. A da mai gida ɗaya ne. Yanzu ɗan sanda na gwamnatin tarayya ne, ɗan kwana-kwana na jiha, sakatariya kuma ta ƙaramar hukuma. Ka zuba su a haraba ɗaya, wa zai sayi man janareta? Wa zai gyara famfo in ya lalace? In ba a rubuta wannan an sa hannu ba tun kafin a haƙa tushe, ranar da injin rijiyar burtsatse ya ƙone kowa zai ce ba nasa ba ne, a shekara ana kai takarda daga wannan ofis zuwa wancan. Hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke ranar 11 ga Yuli, 2024, na a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, zai iya sauƙaƙa wannan in an bi shi, don ciyaman zai san abin da ke hannunsa kafin ya ɗauki alƙawari.

Sai batun tsaro, kuma a nan ina roƙon ku ba ni hankalinku. Kanawa ba su manta da Juma'ar 20 ga Janairu, 2012 ba, ranar da aka kai hari hedikwatar 'yan sanda ta Bompai, da ofishinsu na shiyya ta ɗaya, da ofishin fasfo, mutum sama da 180 suka rasu. Allah Ya jiƙansu. Ba mu manta da 1 ga Agusta, 2024 ba, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, da aka afka wa Babbar Kotu a sakatariyar Audu Baƙo aka yi ɓarna. Ginin hukuma abin hari ne. Wanda ya ajiye caji ofis jikin ofishin biyan albashi ya sani ya matso da haɗari kusa da magatakarda da masinja da mai shara.

Saboda haka haraba ɗaya, amma ƙofa uku, da katanga a tsakani. Ku dubi uwar da ta zo da ɗanta karɓar takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma don ya shiga makaranta. Bai kamata ta ratsa ta gaban kantar 'yan sanda, inda ake sauke mutum da ankwa a hannu, kafin ta kai teburin da za a buga mata hatimi ba. Da yawa in sun ga haka juyawa za su yi, su koma neman wanda zai karɓo musu a ba shi na goro.

Ƙofar 'yan kwana-kwana ita ce na fi damuwa da ita. Dole ta kalli babban titi, ta yi faɗin da mota za ta fita ba sai ta ja da baya ba, kuma a hana ajiye komai a gabanta. Mun san halinmu: yau mai shayi ya kafa tebur, gobe 'yan adaidaita sahu sun mai da wurin tasha, jibi an kafa rumfa. Ranar da aka bugo waya, sai an nemo mai kowane keke kafin mota ta motsa, wuta kuwa ba ta jira. Wanda ya ga abin da gobarar kasuwar Sabon Gari ta cinye a 2016 ba sai an yi masa dogon bayani ba. Kuma motar da ba ruwa a cikinta ƙarfe ne kawai. Don haka rijiyar burtsatse da babban tanki da sola su shiga cikin kwangilar tun farko, kada a bar su sai "kashi na biyu", wanda sau da yawa ba ya zuwa. Ga masu lunguna irin na cikin ganuwa, a tanadi ƙaramar mota da dogon tiyo, don babbar ba za ta shiga ba.

Takardu kuma, na filaye da na haraji da na ma'aikata, a ware musu ɗakin kankare mai ƙofar ƙarfe, a ɗauki hotonsu a kwamfuta, a ajiye kwafi a wani gini daban.

Iyayenmu masu unguwanni, ku nemi a nuna muku zanen ginin kafin a ba da kwangila, ku da matasa da ƙungiyoyin mata. Ku ne kuka san inda ruwa ke kwanciya da damina da titin da ke cushewa ranar Juma'a. Ranar karɓar aiki kuma a kunna kowane makunni, a buɗe famfo, a fito da motar kwana-kwana ta ƙofarta a gaban idonku, kafin a biya ɗan kwangila ragowar kuɗinsa.

Shugaban taro, a nan zan dakata, a ba masu tambaya dama. Wassalamu alaikum.