Lacca: 4,294,967,297, lambar da 641 ta tona wa asiri

Assalamu alaikum. Ku dubi allo: 4,294,967,297. Abu huɗu zan faɗa a kanta.

Na farko, mara ce, da 7 ta ƙare. Ku tara alƙalumanta, 59 za ku samu, ke nan 3 ba ta raba ta. Asalinta, a jera 2 guda 32 a ninka su, a ƙara 1.

Na biyu, danginta, wato a jera 2 guda 1, 2, 4, 8, 16 ko 32, ana ta ninka adadin, a ninka su a ƙara 1: 3, 5, 17, 257, 65,537, sai ita. Biyar ɗin farko duk firam ne, wato ba abin da ke raba su ba saura sai 1 da su kansu. Shi ya sa a 1640 Fermat, masanin lissafi mutumin Faransa, ya ɗauka duk zuriyar haka take. A 1732 wani masanin lissafin, Euler, ya nuna 641 sau 6,700,417 ita ce wannan lamba.

To, nan ne daɗin, na baya ku matso. Ba sai an gwada kowace lamba ba. Duk firam da zai raba ta, dole ya zama ninkin 64 da ɗoriyar 1. Mu lissafa: 65, 129, 193, 257, 321, 385, 449, 513, 577, 641. Ku zubar da waɗanda ba firam ba. Me ya rage? 193, 257, 449, 577, 641. Biyar kacal! Biyar!

Kuma ba sai an yi doguwar rabawa ba, sauran da ke ragewa in an raba da 641 kawai za mu bi. 5 sau 128 ya ba da 640, wato 641 ba ɗaya, sai mu kira shi −1. A jera shi sau huɗu a ninka: 5 guda huɗu 625 ne, 128 kuma 2 ce guda bakwai, ke nan 625 sau 2 guda 28, saura +1. Nan ɗalibai ke zamewa, su bar alamar ragi, alhali −1 guda huɗu +1 suke bayarwa. To, 625 kuma 641 ce ba 16, wato −16, kuma 16 ai 2 ce guda huɗu. 28 da 4, 32. Ke nan 2 guda 32 na barin −1. Ƙara 1, ba saura. Kun gani? Ba kwamfuta, alli kawai.

Na uku... ko na huɗu muke? Masu raba ta huɗu ne: 1, 641, 6,700,417 da ita kanta. Tara ukun farko, 6,701,059, bai ko kusa da ita ba, don haka cikin lambobi masu gibi take.

(Tambaya: Malam, ba Fermat ɗin ne ke da ƙa'idar gwada firam ba?)

Shi ne, ɗiyata, tambaya mai kyau. In aka gwada wannan lamba da 2, sai ta tsallake kamar firam ce. Da 3 ake kama ta, kuma 3 ɗin ake sa wa a gwajin da masanin lissafi Pépin ya kawo a 1877. Har yau ba a sami firam a danginta ba bayan 65,537. Ku share allon, mu fara na 3 ɗin tare.